Hoton da Kawu Ya Zana Sau Goma Sha Ɗaya

Ranar da Kawu ya rasu, labarin da ya zaga Agye shi ne mai zane ya cika. Shekara ashirin da biyu ke nan ina riƙe da buroshi a garin nan. Allon mai aski na bakin tasha ni na zana shi, da na mai gyaran wayar salula, da kifin da ke jikin bangon mai abinci, da rubutun bayan motocin da ke jigila zuwa Gazawa. Amma da aka ce mai zane ya rasu, ba wanda ya kira matata ya tambaye ta ko ni ne. Kowa ya san wanda ake nufi. Ina tsaye a bakin kabari da ƙasa a hannuna wannan tunani ya zo mini, kuma na ji kunyar kaina da ya zo.

Daga Allah muka fito, wurinsa za mu koma. Kawu, yayan mahaifiyata, ya riga mu ran wata Talata bayan azahar, ya haura saba'in da ƴan kai.

Kwana uku ƙofar gidan ba ta rabu da mutane ba. Dangi sun zo daga Tibiri, surukai daga Gidan Sori, wasu a babur wasu a amalanke. Tsofaffin da ya yi aiki tare da su a buro, wato ofishin gwamnati, sun zauna gefe guda a kan tabarma suna tuna wanda ya rage da wanda ya tafi. Abin da ban taɓa gani a gidan makoki ba shi ne, duk wanda ya gama gaisuwa ya shafa fatiha, sai ya tambaya ko zai iya leƙa ɗakin hotuna. Haka aka riƙa shiga biyu-biyu, uku-uku, ana cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya ce a cire.

Wani tsohon manomi daga Gangara ya daɗe a ciki, da ya fito ya tambaye ni wace shekara marigayin ya je ƙasar nan mai kogi da ke cikin hotunan. Na ce bai taɓa wuce Maraɗi ba. Bai yarda ba. Wata mata daga Cadawa ta ce ita dai sanyi ta ji ya taɓa mata fuska. Ɗaya daga cikin tsofaffin buro ya ce shekara da shekaru yana wuce asalin hoton a bangon buro, sai yau ya san akwai shanu a ciki. Wani ɗan kasuwa kuma ya dafa kafaɗata ya ce ashe a gida na gaji abin, Allah ya sa in kai rabin Kawu. Na ce amin. Ban gaya masa ni na koya wa Kawu riƙon buroshi ba.

Mahaifiyata ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Abin da kawai na ji ta faɗa wa wata ƙawarta shi ne Yaya ya tafi da idonsa, ba wanda ya bar wa. Ina kusa, ta san ina ji.

Ina rubuta wannan ne don kada a manta da shi, kuma don masu yabonsa ba su san shi kamar yadda na san shi ba. Su kallon ƙauna suka yi masa. Ni shekara shida na yi ina kallon hannunsa da hassada, ba motsin da ya wuce ni.

Kawu falanto ne a buron gwamnati na Agye, wato shi ke buɗe ƙofa da safe, ya share, ya goge tebura, ya kai takarda daga wannan ɗaki zuwa wancan. Bai yi lakol ba, wato makarantar boko. Faransancinsa na gaisuwa ne da na aike. A bangon babban ɗakin akwai wani hoto cikin gilashi da wani Bature ya bari tun kafin Kawu ya kama aiki, bugun wani tsohon zane ne na ƙasarsu. Manyan itatuwa masu duhu a hagu, kogi ya ratsa tsakiya ya yi kwana, can nesa gada ta dutse da tsaunuka. A gaba akwai hanya, mace a kan jaki, namiji yana tafiya a gefenta, sai makiyayi da shanu uku sun shiga ruwa. Mutanen ba su fi babban yatsa ba. Hasken kuma irin na la'asar sakaliya ne. Da aka zo sabunta fentin buron aka sauke shi aka jefa bayan gini tare da karyayyun kujeru. Kawu ya roƙa, aka yi masa dariya aka ce ya ɗauka.

Shekara biyu da ajiye aikinsa matarsa ta rasu. Ɗiyarsu guda ce, taubashiyata, tana aure a Gidan Sori. Ya zama daga masallaci sai ƴar gonarsa ta gero a hanyar Cadawa, sai zama gindin bedin tsakar gida. Wata safiya ina rumfata ina rubuta allon wani tela sai ga shi da hoton a naɗe cikin tsohon zane.

"Mushe," ya ce, yadda ƴan lakol ke kiran malaminsu, "na zo lakol."

Na ɗauka wasa yake. Ya ce ba wasa ba ne, yana so ya yi wannan da hannunsa kafin ya mutu. Na tambaye shi amfanin sake yin abin da wani ya riga ya yi. Ya ce shekara talatin yana goge masa ƙura kowace safiya, har yau bai gane yadda mutum ya sa ruwan nan ya zama jiƙaƙƙe ba, kuma abin yana damunsa.

Na koya masa abin da na sani, da zuciya ɗaya a lokacin. Yadda ake ɗaure yadin alawayyo a kan katako a ja shi ya yi tsam, a shafe da farin fenti a bar shi ya bushe. Yadda ake raba hoto gida-gida da zare don kowane abu ya faɗa wurinsa. A fara da nesa a ƙare da kusa, a fara da tsinkakke a ƙare da mai kauri, a wanke buroshi da kananzir kafin ya sandare. Fentin gwangwani na ƙofa da taga muka yi amfani da shi, shi ne nake da shi. Daga ranar bai sake kirana da wani suna ba sai Mushe, ko a gaban mahaifiyata.

Na farkon ya yi muni ƙwarai. Shanun kamar awakin da suka ci wake suka kumbura, kogin kamar shuɗin zane da aka shanya a ƙasa. Na yi dariya har da riƙe ciki, shi ma ya taya ni. Na gyara masa ƙafar jaki, na nuna masa inda ya karkace. In zan faɗi gaskiya, ban taɓa ƙaunar Kawu kamar lokacin da bai iya ba.

A na biyu fenti ya yi masa kauri, bai so ya dame ni ba, sai ya ɗebo man gyaɗa na miya ya zuba. Man gyaɗa ba ya bushewa. Sati uku hoton yana jingine yana naso, kiyashi suka yi layi suka hau tsaunukan suka maƙale. Bai jefar ba. Ya rataye shi tare da sauran, duk baƙon da ya zo sai ya nuna masa ya ce wannan na kiyashi ne, su suka ƙarasa shi.

Mijin taubashiyata yana fatauci zuwa Maraɗi. Ita ta sa shi ya nemo wa mahaifinta fentin masu zane na gaske, irin na cikin ƴan bututu kamar man goge haƙori, da kwalbar man da ake gauraya shi, da ƙananan buroshi masu laushi. Ni da nake cin abinci da sana'ar ban taɓa mallakar irinsu ba. Na juya su a hannuna na ce ba su da wani bambanci da na gwangwani. Ƙaryata ta farko ke nan a kan wannan al'amari.

Daga na huɗu abin ya soma canzawa. Ya tambaye ni launin inuwar da ke ƙarƙashin itatuwan, na ce baƙi ne, a ɗan sirka da fari. Washegari ya tafi gona ya zauna gindin gawo tun hantsi har azahar, ya dawo ya same ni a rumfa.

"Mushe, inuwa ba baƙa ba ce," ya ce. "Akwai shuɗi a ciki, akwai jan ƙasa. Na duba."

Wani lokaci kuma ya dawo daga kasuwar Gangara a bayan mota, tun bai sauke jakarsa ba ya ce ya gano wani abu: nesa ba ta da kore. Itacen da ke kusa kore ne, na gabansa ya dushe, na can ƙarshen ido ya koma toka-toka mai shuɗi, kuma haka Baturen nan ya yi da tsaunukansa. Na ce ai sananne ne, kowane mai zane ya san haka. Ban sani ba. Shekara ashirin ina bin hanyar nan ban gani ba. A hankali ya daina yi mini tambaya. Ba girman kai ba ne, amsoshina ne suka ƙare, kuma mu duka mun san haka.

Da safe yake aiki, bayan ya sha kunu, har rana ta take. A kan kifaffen turmi yake zama, sanye da tsohuwar rigarsa ta aiki, yana goge buroshi a hannun rigar na hagu har wurin ya yi tauri kamar fata. In yana yin sararin sama ba ya amsa sallama, sai ya ɗaga yatsa ɗaya a jira shi. Hoto guda yakan ci masa wata shida ko bakwai, ni kuwa nakan gama allo kafin la'asar. Bai taɓa sayar da ko ɗaya ba. Na sha ce masa ya bar wannan kogi ya zana namu, kasuwa ko masallaci ko rijiya. Sai ya ce bai gama da wannan ba tukuna, kullum yana ganin abin da bai gani jiya ba. Ni kuma ba don son kasuwa ko rijiya nake faɗa ba. So nake ya koma inda zai sake zama ɗan koyo.

Akwai abin da ko matata ba ta san dalilinsa ba sai yanzu. Na taɓa karɓar asalin hoton da sunan zan gyara masa katakon gilashin, na riƙe shi kwana goma. A bayan rumfa na kafa yadi na zana shi da duk iyawata. Komai ya zauna daidai, jakina ma ya fi nasa kama da jaki. Amma da na ja baya na duba, allon shago na gani: itace da gada da saniya kowa yana kiran ido da ƙarfi ɗaya, ba na kusa ba na nesa. Matata ta kawo mini abinci ta gan shi, ta ce ya yi kyau, wane mai shago ne ya ba ni aikin. Na shafe shi da fari na rubuta ana sayar da ƙanƙara. Yana nan rataye a wani shago har yau.

Na bakwai shi ne ya kai ni inda ba na so in tuna. Ran Sallar layya ce, mun je gaisuwa gidan Kawu da mahaifiyata, hoton yana jingine a bango bai daɗe da bushewa ba. Ta wuce shi, sai ta dawo da baya. Macen da ke kan jaki ba ta da fuska, shafa huɗu ce ko biyar ta buroshi. Amma kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka, ƙafa ɗaya tana lilo, kai ya karkata kamar mai sauraron maganar na gefenta. Mahaifiyata ta ce wannan ai matar Yaya ce, haka take zama in za su kasuwar Cadawa. Ta zauna a ƙasa da kayan Sallarta tana hawaye. Ta aika aka kira maƙwabta, kowace ta zo sai ta kama baki ta ce ita ce. Kawu ya ce shi bai yi niyya ba, ta Bature yake bi, hannu ne ya kawo ta.

Mahaifiyar nan tawa kullum tana wuce allunana a hanyar kasuwa. Ba ta taɓa tsayawa gaban ɗaya ba. In aka tambaye ta sana'ata takan ce yana ɗan shafe-shafensa, Allah ya rufa asiri. Na tsaya a tsakar gidan nan ina kallonta tana kuka a gaban yadin da ni na koya wa mai shi ɗaurewa.

Kawu yana da amini tun na makarantar allo, malami ne mai tsoron Allah, ba mai zafi ba. Ran Juma'ar da ta biyo na bi shi daga masallaci, na rage tafiya daidai da tasa. Na ce masa ina cikin damuwa game da Kawu: tsoho ne da ya kusa kabari, ga shi yana zana masu rai, yanzu har ya kai ga zana matattu, mata suna taruwa suna kuka a gaban hoto. Ba kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki. Niyyar ce ba ta Allah ba. Malamin ya yi mini godiya, ya ce samun ɗa mai kula da lahirar iyayensa sai an tona. Washegari ya je gidan. Sun daɗe a zaure, ban san abin da suka faɗa ba.

Bayan kwana uku na leƙa. Kawu ya shafe matar da launin hanya, ya shafe namijin, ya shafe makiyayin. Aikin ya yi tsab, wanda bai sani ba ba zai ce an taɓa yin mutum a wurin ba. Na zaci zan ji sanyi. Abin da na ji shi ne ko shafewar ma ta fi ƙarfina.

Ran kasuwa Kawu ya zo rumfata. Ina cikin zana kawuna a sabon allon mai aski. Ya yi sallama, ya tsaya yana ƙirga su da yatsa, ya ce shida, kowane da ido biyu da hanci da baki, ko su nawa ba su da rai ne. Na san ya gane. Maimakon in sunkuyar da kai sai na hau faɗa. Na ce nawa abinci ne, nasa wasa ne. Na ce shi ba mai zane ba ne, mai kwaikwayon Bature ne, ko tsuntsu ɗaya bai taɓa fitarwa daga kansa ba. Na ce duk abin da yake taƙama da shi daga hannuna ya fito. Mutane suka fara tsayawa. Ya bar ni har na gama.

"Gaskiya ne, daga hannunka na koya," ya ce. "Shi ya sa na zaci da bakinka za ka faɗa mini."

Ya juya ya tafi. Wata biyar ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar masallaci. Na ji daga baya ya tambayi wasu malaman, ya ji maganganu iri-iri, ya zaɓi abin da zuciyarsa ta natsu da shi. A na takwas ya maido da namijin da makiyayin, ƙanana, sun juya baya. Matar ce bai sake sawa ba. Daga nan har ƙarshe jakin itace yake ɗauke da shi.

Cikin wata na shidan ne babur ya kayar da ni a yashin hanyar Cadawa, hannuna na dama ya karye a wuya. Mai ɗori ya ce in manta da buroshi wata biyu. Alluna huɗu na mutane suna jira a rumfa, kuma da rumfar nan gidana ke ci. A rana ta uku Kawu ya zo. Bai yi maganar abin da ya wuce ba. Ya duba hannun, ya yi mini sannu, ya zauna a kan bencina ya tambayi inda nake ajiye jan fenti.

Wata biyu cur yana zuwa kowace safiya, ya bar nasa hoton yana shan ƙura. Da yake bai iya karatun boko ba, ni nake zana masa haruffa a ƙasa da hannun hagu yana kwafa. Abin da ya ba ni tsoro shi ne yadda ya yi aikin. Da hannuna ya yi shi. Baƙin layi mai kauri da nake zagaye komai da shi, manyan idanun da nake yi wa mutane, har ɗan karkacewar da haruffana ke yi zuwa dama, duk ya sa. Ba wanda ya gane. Wani mahauci ma da ya zo karɓar allonsa ya ce lallai mai ɗorin nan gwani ne, hannuna ya warke da wuri.

Na tambaye shi me ya hana ya yi su yadda ya iya. Ya ce rumfar tawa ce, in mutane suka saba da wani hannu, ranar da na dawo... Bai ƙarasa ba, ya ci gaba da aikinsa. Ban taɓa samun alheri irin wannan daga wani mahaluki ba, kuma ba abin da ya taɓa yi mini ciwo kamarsa. Shi yana iya zama ni duk safiyar da ya ga dama. Ni ko na yini ɗaya ban iya zama shi ba.

Na yi niyyar neman gafararsa. Sau ɗaya na buɗe baki na ce, Kawu, maganar nan ta bara. Ya ce in miƙo masa kananzir. Na miƙa, maganar ta tsaya nan, kuma na ji daɗin tsayawarta, don ni matsoraci ne.

A shekararsa ta ƙarshe ido ya rage, hannu ya soma rawa, sai ya riƙa tallafe na dama da na hagu. Duk da haka na goma sha ɗayan ya fi dukkansu. Ya gama sama da tsaunuka da kogi da itatuwa, saura mutane da dabbobi, sai ciwon ƙirji ya kama shi. Mun kai shi gidan likita, kwana huɗu ya yi. A rana ta uku ya tambaye ni ko an rufe bututun fentin, kada su bushe. Na ce an rufe. Ita ce maganarmu ta ƙarshe.

Amininsa yana cikin waɗanda suka yi masa wanka, amma duk kwanakin makoki bai shiga ɗakin hotuna ba. Ran sadakar uku ya kira ni gefe. Ya ce abin da ya faɗa wa marigayi shi ne iyakar saninsa, ko yau aka tambaye shi haka zai faɗa. Sai dai daga baya ya gane cewa aikensa aka yi, kuma ya gane dalilin aiken. Ya ce in nemi gafarar Allah, shi ya yafe nasa. Bai jira amsata ba.

Bayan arba'in taubashiyata ta raba hotunan ga dangi. Mahaifiyata ta zaɓi na bakwai, ta ce ita ta san wadda ke ƙarƙashin fentin. Ni aka ba ni na kiyashi da sauran bututun fenti. Taubashiyata ta saba tsokanata, ba ta kirana sai bawanta tun muna yara, amma ran nan ba ta yi wasa ba. Ta ajiye na goma sha ɗayan a gabana ta ce tana so in ƙarasa shi, in sa mutanen, har da matar kan jaki yadda mahaifinta ya taɓa yin ta.

Sai na gaya mata komai, tun daga Juma'ar nan. Ta saurara tana kallon ƙasa. Ta ce ta sani tun a satin da abin ya faru. Ta so ta zo ta same ni a rumfa, mahaifinta ya hana ta, ya ce zafin sana'a ne, a bar ni, zai wuce. Ta ce shekara biyu ta yi ba ta son jin sunana.

"Kai ka cire ta," ta ce. "Kai za ka maida ta."

Wata huɗu na yi a kansa. Na zauna a tsakar gidansa da safe, na yi amfani da fentinsa da buroshinsa. Shanun ba su ba ni wahala sosai ba, makiyayin ma haka. Matar kuwa na yi ta na kankare ya fi sau goma. Na je wurin mahaifiyata ta kwatanta mini zamanta, har ta hau kujera ta gwada mini. Na sauke kafaɗar, na saki ƙafar, na karkata kan. Duk abin da aka faɗa na sa. Da ya bushe na naɗe shi da bargo na ɗaure a bayan babur na kama hanyar Gidan Sori.

Ta jingine shi a jikin rumbu inda haske yake. Mijinta ya yi ta yabo, ya ce wallahi ba a gane inda tsoho ya tsaya da inda na kama. Ita kuwa ta matso kusa. Ta durƙusa ta daɗe tana dubawa, sannan ta kai yatsa kusa da jakin ba ta taɓa ba.

"Wannan ba Inna ba ce," ta ce. "Wata mata ce a kan jaki."

Na ce zan koma da shi in sake. Ta ce a'a, in bar shi, na yi iyakar nawa, a ɗakinta za ta rataye shi haka. Ta shiga ta damo mini fura, ta zauna tana tambayar lafiyar yara, kafin in tashi har ta ce bawanta ya gaishe da gida.

Allah ya ji ƙan Kawu, ya haskaka makwancinsa, ya haɗa shi da matarsa a inda ba rabuwa. Ya yafe masa abin da ya yi kuskure a kai da sani ko ba da sani ba, ya saka masa haƙurin da ya yi da ni. Wanda ya karanta wannan ya yi masa addu'a, in ya samu sarari ya sa ni a ciki. Kawu ya ce abin da ke zuciyata zai wuce. Ya kusa shekara a ƙasa, bai wuce ba tukuna.